Baƙin man injin jirgina ya koma kamar shayi mai madara: ta ina ruwa ke shiga?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke jigilar mutane da kaya a kan ruwan madatsar Dadin Kowa ya aiko da wannan. Injinsa irin wanda ake ratayawa ne a bayan jirgi, mai ƙarfin doki 20, mai bugu huɗu, wato mai tukunyar baƙin mai tasa daban. Ya zaro geji da safe ya ga mai ya koma launin shayi mai madara, har ya haura alamar cika. An yi masa juye, bayan kwana huɗu abin ya dawo. Wani makaniki ya ce gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok, a buɗe kan inji. Wani kuma ya ce raɓa ce kawai, ya ci gaba da aikinsa. Wanne zai bi?

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, kuma ka ajiye injin nan daga ɗaukar kaya har sai an gano bakin zaren. Juyen da aka yi maka an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ruwa ba ya tsiro a cikin tukunyar mai, yana da ƙofar da yake bi, kuma aikin da ke gabanka shi ne ka nemo ƙofar, ka fara daga wadda binciken ta ba ya cin ko sisi, ka ƙare da wadda sai an wargaza inji.

Dalilin da ya sa na ce ka ajiye shi: ratar da ke tsakanin karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da metal ɗin da yake juyawa a kai ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma abin da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe a wannan rata shi ne siririn shimfiɗar baƙin mai. Man da ya gauraya da ruwa ba ya riƙe wannan shimfiɗa. Da zafi ya taso sai ruwan ya zama tururi a daidai inda nauyi ya fi yawa, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. In inji ya kwana kuma, ruwan ya zauna a kan ƙarfen ya fara tsatsa. Ga ƙarin matsala da injin mota ba shi da ita: mota tana da lagireto mai ruwa ƙidayayye, in yana yoyo za ka ga ya ragu. Injin jirgi kuwa daga kogi yake zuƙa kai tsaye, ruwan ba ya ƙarewa, kuma yana shigowa da laka da yashinsa. Shi ya sa makanikin mota, komai ƙwarewarsa, yakan raina wannan ciwo.

Fara da tabbatar da cewa ruwa ne, da kuma yawansa. Ka bar injin a tsaye ya kwana, da safe ka sassauta notin juye a hankali ba tare da ka cire shi gaba ɗaya ba. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa, don haka in akwai shi da yawa shi zai fara ɗigowa garau kafin mai ya biyo. Tari abin da ya fito a kwalba mai haske ka ajiye a inuwa. Sannan ka ɗora murfin gwangwani a wuta ya yi zafi sosai, ka sauke shi, ka ɗiga masa ɗigo ɗaya na man. Mai lafiyayye yakan baje shiru ya yi ɗan hayaƙi. Mai ruwa kuwa yana tsartsatsi, yana ƙara tas-tas kamar an jefa jiƙaƙƙiyar albasa a man suya. Kafin wannan gwaji ka shinshina man. In yana warin fetur, kuma ka murza shi tsakanin yatsu ka ji ya tsinke ba danƙo, to fetur ma yana gangarawa cikinsa, kuma ka nisanta shi da harshen wuta.

Maganar raɓa tana da tushe, sai dai ba ta dace da abin da ka kwatanta ba. Ƙonewar fetur kanta tana fitar da tururin ruwa, kaɗan daga cikinsa yana zarcewa ta gefen zoben fistin ya sauka tukunya. In inji yana yin zafi yadda ya kamata, tururin yakan fice ta bututun numfashi. In ba ya yin zafi, sai ya taru. Alamar raɓa ita ce ɗan farin kitse a ƙarƙashin murfin zuba mai, alhali man da ke kan geji yana nan da launinsa. Ana yawan ganin haka da sanyin hunturu, a Disamba da Janairu, ga mai tsallaka mutane gajeriyar tafiya, ya tayar ya kashe, ya tayar ya kashe. Amma raɓa ba ta mayar da lita ɗaya da rabi ta sabon mai ta zama madara cikin kwana huɗu.

Duk da haka ka duba tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan sanyaya inji har sai inji ya ɗumama, domin noti biyu ne kawai a mafi yawan ƙananan injuna. Akwai wata mummunar al'ada ta cire shi a jefar, wai ƙasarmu da zafi, inji ba ya buƙatarsa. Wannan kuskure ne babba a injin jirgi. Ruwan madatsa ya fi zafin da injin ke buƙata sanyi nesa ba kusa ba, in babu tamostat ruwan yana ratsawa ba tsayawa, inji ba zai taɓa ɗumama ba. Sakamakon shi ne raɓa ta taru, ɗanyen fetur kuma ya riƙa wanke bangon silinda yana sauka cikin mai, geji ya yi ta hawa. Na injuna masu bugu huɗu yakan fara buɗewa ne a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyos. Ka saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi: ya kasance a rufe ruf da ruwan sanyi, ya fara buɗewa wajen 60, ya buɗe kamar milimita 3 kafin a wuce 70. In ka same shi a buɗe tun yana hannunka, ko tsakuwa ta maƙale a bakinsa, ko ma babu shi, ka sa sabo.

Sai ƙofofin da ba su da alaƙa da lalacewar inji, waɗanda mutane ke tsallakewa su tafi sayen gasket. Na farko, man da aka zuba maka. In na awo ne daga duro, ka yi masa gwajin murfin gwangwani shi ma. Duron da ke tsaye a waje damina ta dake shi, ruwa yakan kwanta a samansa, rana ta yi ya hura, dare ya yi ya zuƙe, ya ja ruwan ta gefen murfi ko da a ɗaure yake. Na biyu, yadda kake ajiye injin. In kana cire shi da yamma ka kai gida, ka tuna akwai ragowar ruwa a cikin ƙafarsa, a hanyar hayaƙi. Wanda ya ciro inji ya kwantar da shi nan take, ko ya saɓa shi a kafaɗa farfela tana sama kai yana ƙasa, ya tura wannan ruwa ya gangara ta bawul ɗin hayaƙi ya shiga silinda, daga nan ya tsiyaya ta gefen zobe zuwa tukunya. A tsayar da inji tsaye minti biyu ko uku ya tsane, a kwantar da shi ta gefen da kamfani ya nuna, kai a kan katako ya ɗara farfela tsawo. Na uku, lodi. In ana jibge buhuna a bayan jirgi har injin ya nutse fiye da ƙima, ko kana gudu ka sauke wuta farat ɗaya igiyar ruwa ta bugo bayan jirgi, ruwa na iya hawowa ta hanyar hayaƙi. Ka duba kuma robar geji, da robar murfin mai, da robar da ke zagaye hular inji.

In duk waɗannan sun fita, sai a koma kan fulogi. Injinka silinda biyu ne, ka ciro duka biyun ka jera su a kan farin ƙyalle. Fulogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske. Wanda ruwa ke shiga silindarsa za ka gan shi fes kamar sabo, domin tururi ya wanke shi, ko ka ga ɗigon ruwa ko jan tsatsa a bakinsa. Ka cire igiyar kashe inji don kada wuta ta tashi, ka tara ƙyalle a bakin ramukan, ka ja igiyar tayarwa. In feshin ruwa ya jiƙa ƙyallen, magana ta ƙare. Kada ka dogara da farin hayaƙi kamar yadda ake yi a mota, domin hayaƙin injin jirgi cikin ruwa yake fita, ba za ka rarrabe ba. Wani gargaɗi kuma: duk ranar da ka ja igiya ka ji ta cije tamau, kada ka sa ƙarfi, kada ka kira wani ƙato ya taya ka. Ruwa ba ya matsuwa. In ya cika silinda aka tilasta fistin, konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, shi ne zai lanƙwashe. A ciro fulogi tukuna.

Daga nan sai gwajin matsi da ma'auninsa. Fulogi duka a waje, totur a buɗe gaba ɗaya, a ja igiya sau huɗu ko biyar ga kowace silinda har allura ta daina hawa. Abin da ake nema shi ne bambanci tsakanin silinda biyun. In ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, akwai matsala. Sai dai ƙaramin tsagin gasket yakan ɓoye wa wannan gwaji, don haka wanda ya fi shi shi ne hura iska. A kawo fistin can sama a lokacin da bawul biyun suke rufe, a riƙe filawil da kyau don kada ya juya, a hura iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. Iskar da ke fita ta kafireto, bawul ɗin shiga ne. Ta wajen farfela, bawul ɗin hayaƙi. Ta ramin zuba mai, zobe ne, kuma kaɗan a nan ba laifi. Amma in ka ji ta ko ka ga kumfa a gidan tamostat da ka buɗe, to silinda ta haɗu da hanyar ruwa: gasket ne, ko tsagi a kai ko a bulok.

To, in fulogi lafiya, matsi daidai, iska ba ta fita ta hanyar ruwa fa? A nan ne makaniki na farko zai sa ka yi asarar kuɗi. A irin injinka tukunyar mai tana ƙarƙashin bulok ne, a cikin wuyan inji, kuma bututun da ke kawo ruwa daga famfo da hanyar hayaƙi duk ta gefenta suke wucewa. Gasket ne da faranti ke raba su. In ɗaya ya saki, ko zafin hayaƙi da tsatsa sun huda farantin, ruwa zai faɗa cikin mai kai tsaye ba tare da ya taɓa silinda ba. Gwajinsa ba wuya. A juye mai a bar ramin juye a buɗe, a sauke ƙafar inji, a ɗaura tiyo a bakin bututun ruwan da ke hawa sama, ɗaya bakin tiyon a jarkar ruwa da aka ɗora a bisa. Kowace mita ɗaya ta tsawo tana ba da matsin kusan kashi ɗaya cikin goma na "bar", wato ma'aunin matsi, don haka jarka a kan rufin shago mai mita 3 ta isa ta nuna yoyo mai ɗan girma. A toshe ramin da ruwa ke tsartowa ta baya, a ajiye farin faranti a ƙarƙashin ramin juye, a jira rabin awa. Ɗigon ruwa a farantin nan, alhali inji ko tashi bai yi ba, ya nuna akwai ƙofa tsakanin hanyar ruwa da ta mai. Wajen wargazawa a bi kowane gasket da ido, domin ruwa yakan bar sawunsa, wani tsaftataccen layi ko jan tsatsa da ya ratsa inda bai kamata ba.

In ta tabbata gasket ɗin kai ne, kada a sa sabo sai an amsa tambaya ɗaya: me ya ƙone na farkon? Kusan kullum zafi ne. Ko leda ko ciyawa ta toshe ramukan shan ruwa, ko robar famfon ruwa ta cinye. Ruwan Gongola da damina, musamman a Agusta da Satumba, ja ne wur da laka, kuma duk lokacin da aka tura jirgi gaɓa inji na aiki farfela na tona yashi, robar nan ce ke sha. Tayar da inji a tudu babu ruwa kuwa, ko na ɗan lokaci kaɗan, yana ƙona fukafukanta. Ka canza ta, ka duba kofin ƙarfen da take juyawa a ciki da farantin ƙasansa, in sun yi zane a canza su tare. In wani fiffike ya gutsure, a nemo guntun, domin yana can sama ya toshe wata hanya.

Aikin kan inji kansa yana son natsuwa. A kwance notuna daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, inji na sanyi. A kankare tsohon gasket ba tare da an ƙarce alminiyon ba. A ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskar kan, a tsaye da a kwance da a karkace, a gwada zura filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, a ƙarƙashinta. Iyakar da akan bayar ga ƙananan injuna ba ta wuce milimita 0.1, amma ka bi adadin da ke littafin injinka. In ya wuce, a kai wurin masu injin fere ƙarfe su daidaita fuskar, kuma su duba tsagi. Gasket ya zama sabo kuma na ainihi. Wanda aka yanka da hannu, ko tsohon da aka shafa wa gam aka mayar, gyaran gangar Auzinawa ne. A share ramukan notuna, kada a bar mai ko ruwa a ciki, domin noti zai nuna ya ɗauru alhali bai danne ba, har ma yakan tsaga bulok. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, a mataki biyu ko uku, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ɗaurin "na ji ya isa" shi ne ke dawo da da yawa daga cikin waɗannan injuna shago. Bayan nan a daidaita alamar bel ɗin taimin da ratar bawul.

Bayan an rufe ƙofa, saura wanke ciki, domin juye ɗaya ba ya kwashe madarar da ta lafe a lunguna. Injin doki 15 zuwa 20 yana shan kusan lita 1 zuwa 1.8, gwargwadon samfurinsa, don haka ka tanadi mai na juye uku da filta biyu. Zuba mai mai sauƙin kuɗi amma mai lambar da ta dace, 10W-30 ko 10W-40, sa sabuwar filta, tayar da inji a ruwa ba tare da lodi ba minti 10 zuwa 15 ya ɗumama, kashe, juye da zafinsa. Maimaita har man da ke fitowa ya daina hazo. A na ƙarshe ka sa filta ta biyu da mai mai kyau, wanda aka yi don injin ruwa mai alamar FC-W in ka samu, sannan ka yi tafiyar awa guda da matsakaicin lodi don zafi ya kori sauran danshi. Kada a wanke da kananzir ko man gas ko fetur inji na aiki. Metal ɗin da ruwa ya riga ya raunana ba zai jure ba. Ka kuma saurara: in fitilar mai tana kamawa, ko ka ji bugu daga ƙasa mai bin saurin inji, ruwan ya riga ya yi ɓarna, sai an buɗe ƙasa an auna karanshaf.

Bari in taɓo 'yan'uwanka masunta da za su karanta wannan, domin da yawansu injin bugu biyu suke da shi, irin su Yamaha Enduro, wanda ake haɗa wa fetur da mai. Wannan ba shi da tukunyar baƙin mai, don haka in aka ce mansa ya yi madara, man giyar da ke ƙafa ake nufi. Kai ma naka yana da wannan gidan giya, kuma mansa ba ya haɗuwa da na sama, ciwonsu daban-daban ne.

Gidan giya yana da noti biyu, na ƙasa na juye da na sama na iska. Kwance na ƙasa tukuna, sannan na sama, ka ga abin da zai fito. A bakin notin ƙasa akan sa maganaɗisu. Laushin toka-toka kamar kwalli a kansa ba komai ba ne. Ɓarɓashin da kake ji a yatsa, ko guntun ƙarfe mai sheƙi, haƙorin giya ne ko boris ya fara ci. Ƙofa mafi arha a nan ita ce washar notunan biyu. Ana so a canza su duk juye, amma za ka ga an mayar da tsohuwa sau goma, ko ta faɗi a yashi an ɗaure noti haka nan, ko an ninka biyu a rami ɗaya. Ƙofa mafi yawa kuwa a ruwan da ake su, ita ce zaren kamun kifi. Cire farfela da washar da ke bayanta ka leƙa. Sau da yawa za ka tarar da zaren raga ko na mamari ya nannaɗe a kan shaf, zafi ya narkar da shi ya zama kamar baƙin zobe na roba, har mutum ya ɗauka wani sashe ne na injin. Wannan zoben yana cusa kansa ƙarƙashin leɓen sil, wato robar da ke hana ruwa shiga gidan giya, ya yanka shi. Mai aiki inda ake shimfiɗa raga ya riƙa cire farfela duk mako yana dubawa, ya shafa giris a shaf kafin ya mayar. Sauran ƙofofin su ne sil ɗin dogon shaf da ke ƙarƙashin famfon ruwa, da sil ɗin sandar canza giya, da zoben robar gidan boris.

Maimakon a yi ta canji da ka, a gwada da iska. A juye man duka, a rufe rami ɗaya, a ɗaura famfon keke mai ma'auni a ɗayan, a hura zuwa fam 10 a ma'aunin taya. Kada a wuce 15, domin iskar da ta yi yawa tana iya ture sil mai lafiya. A tsoma ƙafar a duron ruwa, a juya shaf ɗin farfela da hannu, a motsa sandar giya, a ga inda kumfa ke fitowa. Wani sil ɗin yakan riƙe iskar da ke turowa daga ciki amma ya saki in ana zuƙa, kuma haka yake faruwa a ruwa: gidan giya ya yi zafi da aiki, ka tsaya, ruwa ya sanyaya shi, iskar ciki ta tsuke ta ja ruwa. Don haka mai famfon zuƙa ya gwada ta wannan fuskar ma. Kafin a ciro tsofaffin sil a lura da inda leɓen kowanne ke kallo, a ɗauki hoto da waya, domin sau da yawa biyu ne a jere kuma juya ɗaya ya isa ya ɓata aikin. A shigar da sabo da soket mai faɗinsa, a miƙe, a cika tsakaninsu da giris. A bi inda sil ke kwanciya a kan shaf da farce. In farce ya maƙale a wani zane, sabon sil ba zai daɗe ba. In kuma jirgi ya taɓa dukan kututture ko dutse, a kafa siririyar wayar ƙarfe kusa da bakin shaf a juya shi. Rawar da ido ke iya gani ta riga ta yi yawa, sai sabon shaf.

Man giya lamba 90 ake sawa, ba baƙin man inji ba. Injin doki 15 yana shan kusan mililita 250, na doki 40 kuma wajen 430, gwargwadon samfurinsa. Ta ramin ƙasa ake matsa shi har sai ya ɓullo ta na sama ba kumfa, a ɗaure na sama tukuna, sannan a zare bututu a ɗaure na ƙasa da sauri. Mai zubawa ta sama yana barin iska a ciki, ya ɗauka ya cika alhali boris ɗin sama a bushe yake. A canza shi duk awa 100 ta aiki.

Masu jirgin katako da suka girke injin gas mai silinda ɗaya, irin na niƙa mai tukunyar ruwa a ka, nasu ƙofofin daban ne. Silif ɗin silindarsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke kaiwa da komowa a ciki, a cikin ruwa yake zaune, zoben roba ne a gindinsa ke hana ruwan sauka cikin mai, kuma zafi yana busar da su. A juye mai, a buɗe murfin baya, a cika tukunyar ruwa, a bar shi ya kwana, da safe a haska tocila a ga ko ruwa na bin gindin silif. A kula da salansar da ke kallon sama, a kifa mata gwangwani duk dare da damina. Kuma in tukunya ta ƙafe inji ya yi zafi, kada a kwara masa ruwan sanyi nan take, haka ake tsaga kai.

In kuwa inji ya faɗa ruwa ɗungurungum, ko jirgi ya kife, awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba, domin tsatsa tana farawa ne da zarar iska ta taɓa jiƙaƙƙen ƙarfe. A wanke laka da ruwa mai tsabta, a ciro fulogi, a juye kafireto da tukunyar mai, a juya filawil da hannu ruwa ya fita, a ɗiga mai a kowace silinda. In an ji gurzar yashi ko wani wuri yana cijewa, a tsaya, sai an wargaza. In yana juyawa sumul, a sa sabon mai da sabon fetur a tayar da shi a ranar. Ga mai bugu biyu wannan gaggawa ta fi tsanani, domin boris ɗinsa na allura ne, tabon tsatsa ɗaya ya isa ya kashe shi bayan 'yan makonni. A haɗa masa mai da ɗan yawa a tankin farko: in ka saba rabin lita a lita 25 ta fetur, ka ninka.

Kai kuma Malam, bayan gyara ka riƙa zaro geji kowace safiya har mako biyu, inji a tsaye daidai, ka goga a farar takarda ka duba launi, ka lura ko ya haura inda ka bar shi jiya. Man giya kuma ka sassauta notin ƙasa bayan kamar awa 10 ta aiki ka ga ɗigon farko. Gurɓataccen man da ka juye, wanda zai iya kai lita biyar ko fiye in an haɗa na wanki, ka tara shi a jarka mai murfi ka kai wa masu sayen tsohon mai a gari. Kada ya zuba a gaɓa ko a ruwa, domin daga wannan madatsa ake tace ruwan famfon da garin Gombe ke sha, kuma a cikinta masunta ke jefa raga.